Shekarun Tsohuwar Kyamara: Shaidar Gilashi da Ƙarfe

Duk wanda ya riski zamanin masu hoto na bakin kasuwa zai tuna kyamarar nan ta katako mai ƙafa uku, mai ciki kamar zugazugin maƙeri, wadda mai ita ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ce a tsaya cik. Da babbar kyamara irin wannan Seydou Keïta ya ɗauki mutanen Bamako bayan ya buɗe shagonsa a 1948, a kan fim mai santimita 13 da 18. Yau yawancinsu gara ta ci katakon, fatar ta ruɓe. Abin da kan saura shi ne idon gilashin, da marufin ƙarfen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga. Magada kan sayar da su a kuɗin gwangwan, alhali tarihinsu na rubuce a jikinsu.

Shaida ta farko ita ce sunan da aka zana a bakin gilashin. Tessar dai Paul Rudolph ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Carl Zeiss da ke Jena, ƙasar Jamus, a 1902. Gilashin da Emil von Höegh ya tsara wa kamfanin Goerz na Berlin a 1892 bai samu sunan Dagor ba sai 1904, don haka duk mai ɗauke da wannan suna bai girmi shekarar ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Zeiss ya rabu biyu kamar ƙasar kanta: na gabas ya zauna a Jena, na yamma ya kafu a Oberkochen yana rubuta Zeiss-Opton har farkon shekarun 1950.

Kodak na Amurka kuwa ɓoye shekarar ya yi cikin haruffa. Tun daga 1940, gilasansa na Ektar kan zo da haruffa biyu gaban lamba, mabuɗinsu kalmar CAMEROSITY: C ɗaya, A biyu, a bi su a jere har T tara, Y sifiri. Ke nan ES na nufin 1947, RM kuma 1953.

Sai a karkata gilashin a rana. In ya yi ƙyalli mai shuɗi-shuɗi ko ruwan goro, mai yiwuwa an shafa masa sinadarin rage walƙiya, dabarar da Alexander Smakula ya samar a Zeiss a 1935, wadda ba ta game kasuwa ba sai bayan yaƙi. Zeiss kan sa jan harafin T alama.

Marufin ma yana da nasa bakin. Friedrich Deckel na Munich ya fito da Compur a 1912, da ɗan faifai a sama na zaɓen sauri. Wajen 1928 aka koma juya zoben gefe, Compur-Rapid ya biyo baya a shekarun 1930, sai Synchro-Compur a 1951. Jerin lambobin saurin ma shaida ne: 1/25, 1/50, 1/100 tsohon tsari ne, 1/30, 1/60, 1/125 kuwa na baya-baya.

Amma a nan mutane ke tuntuɓe. Gilashin kwancewa yake daga marufi, kuma mai hoton da marufinsa ya lalace ba ya jefar da gilashi mai kyau, wani yake nema ya ɗaura. Shi ya sa za a ga gilashin 1920 zaune cikin marufin 1960, tsoho da sabuwar riga. Dole a binciki kowanne daban.

Haka kuma, shekarar gilashi ba ita ce shekarar hoto ba. Kayan nan kan iso ƙasashenmu bayan sun sha hannu a Turai, su yi wata shekara talatin suna aiki. Abin da lambar ke tabbatarwa kaɗai shi ne ba a ɗauki hoton kafin lokacin ba. Sauran sai a nema wurin tufafin da ke cikin hoton, da tambarin bayansa, da bakin dattawan gida tun suna raye.