Daga Burtali Zuwa Lambatu: Tarihin Karɓar Filin Hanya a Yankin Sheme

Sheme gari ne a ƙasar Faskari, a daidai inda hanyar Ƙanƙara ta rabu da babban titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau. Ruwan sama a wannan yanki, har zuwa Sabuwa, ya fi na arewacin Katsina yawa, don haka duk hanyar da aka yi ba lambatu a gefenta, damina kaɗan za ta mai da ita kwazazzabo. A cikin wannan maƙala za a duba yadda ikon karɓar ɗan zirin filin da hanya da lambatunta suke ci ya yi ta sauya hannu.

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da sunayen filayen da ba a nomawa, wato burtali da labi da hurumi. Mai unguwa da dagaci su ne masu tsaron su, shaidarsu kuwa ita ce shinge da sanin dattawa. Malamai ma ba su bar batun ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya bi tsarin Malikiyya, wanda ya san harimi, wato sararin da ake bar wa gari ko rijiya don amfanin jama'a. A fiƙihu kuma an san cewa in aka yi jayayya kan faɗin hanya, kamu 7 ake bar mata.

Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa duka a hannun Gwamna, ta 1916 ta ƙarfafa ta, ta 1962 ta mai da ikon ga Minista. Amma a ƙauye En'e ce ke aiki. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai bukatar hanyoyin kwaso auduga ta ƙaru, hakimai suka riƙa fitar da talakawa aikin hanya, sau da yawa bisa tilas. Wanda aka yanki gonarsa, in ya yi sa'a dagaci ya nuna masa wani daji ya sare. A lokacin akwai dajin.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo, tsarin mulki kuma ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. Sashe na 6 na dokar 1978 ya yarje wa ƙaramar hukuma ta shiga kowane fili na yankinta don amfanin jama'a, ban da wanda Gwamna ya ayyana birni ne, da wanda ke da takardar mallaka ta Gwamna, da wanda gwamnatin jiha ko ta tarayya ta riga ta karɓa. Saboda haka titin Funtuwa zuwa Gusau, da yake na tarayya ne, ba ya hannunta. Nata su ne hanyoyin ƙauyuka da na cikin gari.

A nan ne gizo ke saƙa. Dokar ba ta biyan kuɗin ƙasa ita kanta, sai abin da mutum ya aza a kanta, kamar gini da itatuwa da shuka. Ta ce in gona ce a ba manomi wata a madadinta, in kuma hukuma ta yi jinkirin biyan diyya Gwamna yana iya umartar ta ta biya. To, amma wace gona za a musanya wa wanda aka yanke wa kunya huɗu a gefe? Kuma ina dajin da za a nuna masa yanzu? A ganina, babban giɓin ma yana wurin ruwan. Ana auna faɗin hanya da na lambatu, amma ba a auna inda lambatun zai zubar. Kwalbati yakan tara ruwan unguwa guda ya sake shi cikin gonar wani, ya tafi da taki da ƙasar sama, alhali sashen diyya yana magana ne kan filin da aka karɓa, wannan gona kuwa ba a karɓe ta ba.

Haka nan zirin da aka karɓa, da yake ba shinge ba turke, yakan koma hannun wanda ya fi kusa da shi. Mai tireda ya kafa rumfa a kan lambatu, manomi ya ƙara kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi. Da ma haka aka cinye burtalai da yawa, har makiyayi ya rasa ta inda zai bi da shanunsa zuwa mashaya. Dagacin da ya san iyakar ba shi da ikon hanawa a doka, ofishin da ke da ikon kuwa yana hedkwata, sau da yawa ba taswirar wurin a hannunsa.