Kwalba da Sitiyari: Shekara Arba'in na Dokar Giya a Hartum

Unguwarmu ta Mayo ta samo sunanta ne daga juyin mulkin 25 ga Mayu 1969, wanda ya ɗora Ja'afar Numairi a kan karaga. Shi ɗin ne kuma, a watan Satumba na 1983, ya ƙaddamar da dokokin Shari'a, aka kwashe kwalaben giya daga shaguna da otal-otal, aka tuttular da su a Kogin Nilu a gaban jama'a. Dattawanmu da suka ga wannan rana har gobe suna ba da labarinta. Kafin nan mashaya a buɗe suke a Hartum, har da masana'antar giya a Bahri.

Tun daga ranar, doka ta zuba ido a kan abin da ke cikin kofi. Dokar Laifuka ta 1991, ta zamanin Umar al-Bashir, ta ce a sashe na 78 Musulmin da ya sha giya bulala 40 ne hukuncinsa. Mu da muka tashi da karatun Risala a zauren malam mun san 80 Malikiyya suka ce, amma gwamnati ta ɗauki ƙaulin Shafi'iyya. Wanin Musulmi kuwa ana kama shi in ya sha a bainar jama'a ko ya fito cikin mutane a buge. Sashe na 79 ya hau kan mai dafawa da mai sayarwa. Wajen kafa hujja, warin baki ma yana isa, in shaidu biyu adilai ko wani gwani suka tabbatar.

A wasu ƙasashe tambayar daban ce. Ba su kula ko mutum ya sha ba, sai dai nawa ne a cikin jininsa lokacin da ya riƙe sitiyari. Norwe ce ta fara kafa iyaka a 1936, Birtaniya ta bi a 1967 da na'urar da direba ke hura wa iska a bakin titi. A nan ma Dokar Zirga-zirga ta 2010 ta haramta tuƙi cikin maye, sai dai inda ɗigo ɗaya ya riga ya zama laifi, ba a cika damuwa da awo ba. Mai shan da ke kwance a ɗakinsa da mai shan da ya ɗauko fasinjoji goma sha huɗu, bulalarsu ɗaya.

Giya kuwa ba ta bi ruwan Nilu ta tafi ba. Ta koma bayan katanga, ta zama araƙi na dabino da marisa ta dawa. Araƙi ba shi da takarda a jikin kwalba, mai shansa bai san ƙarfin abin da ya haɗiya ba. Masu dafa shi galibi mata ne da yaƙi ya koro daga Kudu da Duwatsun Nuba, suka sauka a gefenmu, a Mandela da makamantanta, ba miji ba gona. Su ne 'yan sandan Nizamul Am suka riƙa kai wa samame, abin da muke kira kasha, su ne suka cika gidan yarin mata na Umdurman, wasu da goyo a baya. Mai motar da ya zo daga tsakiyar gari da magariba ya saya, ya tayar da mota ya bi titin da 'ya'yanmu ke tsallakawa, ba safai hannu ke kai gare shi ba.

A wancan lokacin, in tsautsayi ya faru, magana takan koma kisan kuskure: ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, da diyya ga magada. Mun sha zama a tabarmar sulhu. Manya su taru, a karanta Fatiha, a roƙi uban yaro ya yafe don Allah, shi kuma kunya ta hana shi tambayar ko direban yana cikin hayyacinsa.

Bayan faɗuwar al-Bashir an soke Dokar Nizamul Am a Nuwamba 2019. A Yuli 2020 ministan shari'a Nasruddin Abdulbari ya sanar cewa wanda ba Musulmi ba yana iya sha a keɓe, Musulmi kuwa haddinsa na nan. Mahawara ta yi zafi a masallatai da jaridu, kusan dukkanta a kan halal da haram. Ba mu ji an ɗaga murya a kan direban raksha ko na hafila ba. Ba a kai ga nan ba yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, 'yan sandan hanya suka bar mahaɗun titunan Hartum.