Ruwan Damagaram: wa ke da famfo, wa ke da kwangila?

Kwanan nan gardama ta yi zafi a shafin nan: wasu na cewa gwamnati ta cire hannunta daga harkar ruwa ta bar wa ƴan kasuwa, wasu na cewa ai da ma can ba mu ga amfanin gwamnatin ba. Bari mu waiwayi baya kaɗan, don gardamar ta girme mu.

A can ƙasashen Turawa masana sun daɗe suna wannan ja-in-ja. Ɓangare guda na son gwamnati ƴar ƙarama, mai tsaro da shari'a kaɗai. Ɗaya ɓangaren na cewa ko ita ma a kawar da ita. Wani gari a Amurka, Sandy Springs, ya gwada hanya ta farko a 2005, ya ba kamfani kusan dukkan ayyukan ma'aikatar magajin gari. A 2019 ya maido mafi yawansu hannunsa.

Mu kuwa ba a takarda muka san abin ba. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi masa wuya. Sarki Tanimu ya gina ganuwa, ya ƙera igwa, amma ƙishirwa ta fi ƙarfin ganuwa. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da suka sa Nasara ya ɗauke babban birni daga Damagaram ya kai Yamai a 1926. Daga baya sai aka dinga janyo ruwa daga nesa: Gogo da Machaya, Arunguza, sannan Ganaram.

A 2001, da turawar Bankin Duniya, aka rushe kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, aka raba aikin biyu. SPEN ta gwamnati ta riƙe kadarori da gina sababbin rijiyoyi. SEEN, wadda a lokacin kashi 51 cikin ɗari nata ke hannun kamfanin Faransa da ake kira Veolia a yau, ta karɓi rarraba ruwa da karɓar kuɗi. Farashi kuma gwamnati ke yankawa. Nan ne fa abin ya ɗaure kai. In famfo ya kwana bakwai bai zubo ba, mai rarrabawa ya ce shi abin da aka ba shi yake rabawa, mai ginawa ya ce kuɗi bai zo ba. Mai unguwa ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shekara sama da ashirin aka yi a haka, har kwangilar ta ƙare a ƙarshen 2023, kamfanin ƙasa NDE ya karɓa.

Masu cewa a bar kowa ya ci gashin kansa, ai mun ga samfurin abin a bakin kura. Ranar da famfo ya ɗauke, ɗan ga-ruwa ne ke yanka farashi. Ba laifinsa ba ne, shi ma guminsa yake ci. Amma matar da ba ta da famfo a gida ita ke sayen jarka da tsada fiye da mai gidan bene.

A karkara, irin namu, tun da aka zaɓi majalisun kwamin a 2004, ruwan ƙauye ya dawo wuyan magajin gari, shi kuma yakan ba ɗan kwangila ya tafiyar da shato da famfunan. Inda abin ya yi kyau, za ka tarar akwai wanda ke duba mita, yana bin kuɗin da ake warewa don canza inji. Inda babu mai dubawa, injin ya mutu, asusun wayam.

A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun, an naɗa wakilai su riƙe kwamin-kwamin. Takardun kwangilar suna nan a ofis. Kafin mu ci gaba da gardama, a samu mutum biyu ko uku su je su nemi a karanta musu: nawa ne kuɗin jarka a rubuce, nawa ake ajiyewa don gyara, kuma wa ke sa hannu kafin a taɓa kuɗin.