Tabar wiwi da juna biyu: abin da take yi wa jariri

Masu saurarenmu na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, da ƴan'uwa da ke ci-rani, ga bayanin da muka tattara a kan illar tabar wiwi ga mace mai ciki da abin da ke cikinta.

Yadda take kai wa ga jariri

A cikin wiwi akwai wani sinadari da ake kira THC, shi ne ke kawo maye. In mai ciki ta sha, ko hayaƙi ne, ko a shayi, ko a abinci, sinadarin na shiga jininta, ya ratsa mabiya ya isa ga ɗan. Hayaƙin kuma na rage iskar da jini ke kai masa. Ke nan ko mijin ne ke busawa a ɗaki, matar ma tana shaƙa.

Abin da ake gani ranar haihuwa

Illar da likitoci suka fi tabbatarwa ita ce ƙarancin nauyi. A shekarar 2017, majalisar masana kimiyya ta Amurka ta bayyana cewa akwai hujja mai ƙarfi da ke haɗa shan wiwi lokacin ciki da haihuwar jariri ƙarami. Jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, sanyi na saurin kama shi, kama nono na yi masa wuya, cuta kuma ba ta jin wuyar kada shi. Bincike ya kuma alaƙanta ta da haihuwar bakwaini, wato kafin sati 37, da kwantar da jariri asibiti.

Bayan an sauka

THC na maƙalewa a kitsen jiki, yana fita ta nono kwanaki bayan an sha. Don haka mai shayarwa ma ta nisance ta. Masu cewa ai ganye ne, yana maganin laulayi da amai, su sani akwai magani mai aminci wajen likita.

Abin yi

Mu je awo da wuri a CSI mafi kusa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Wadda ta saba da wiwi, ko taramol, ko sigari, ta faɗa wa ungozoma gaskiya. Kunya ba ta magani. In an ga alamar matsala, za a tura ta Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maraɗi.

Mu tuna, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana noman wiwi, saida ta da shan ta a Nijar. Magidanta, ku fidda hayaƙi daga ɗaki. Ku kuma na nesa, in kun kira gida, ku tambaya ko an je awo. Allah ya sauki masu ciki lafiya.