Bambancin Sassauci, Rangwame da Rage Raɗaɗi a Sanarwar Hukuma

Muna jan hankalin jama'ar Romi da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, da masu unguwanni da jami'ai, ga wasu kalmomi da kan fito a sanarwar gwamnati, domin rashin fahimtarsu na iya jawo kamu ko asara.

Sassauci: rage tsananin doka ne, ba soke ta ba. Da aka sassauta dokar hana fita a Kaduna a 2012, da kuma lokacin Korona a 2020, dokar ta ci gaba da aiki, an dai ware sa'o'i ko ranakun fita. Sai an ce an ɗage doka sannan ta ƙare.

Rangwame: ragi ne a kan kuɗi, kamar haraji ko farashin taki. Sauran yana nan a wuyan mai biya. Yafewa ce ke share bashin baki ɗaya.

Rage raɗaɗi: taimako ne na wucin gadi, kamar abincin da aka raba bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Lallashi: kwantar da zuciyar wanda aka ɓata wa rai ne, aikin dattawa a wajen sulhu.

Muna roƙon jami'ai su riƙa bayyana lokaci, adadi da wa'adi a duk irin wannan sanarwa.