Zanen kwamfuta mai bin tarihin aiki: yadda yake da inda yake ba da wahala

Zane mai bin tarihin aiki hanya ce ta zana kayan injina a kwamfuta, inda manhaja ke adana kowane mataki da awonsa a jere: an zana da'ira, an ba ta kauri, an huda rami, an kashe kaifin baki. Idan aka sauya awo guda, sai manhajar ta sake gina abin tun daga farko.

Kamfanin PTC na Amurka ne ya yaɗa tsarin da manhajar Pro/ENGINEER a ƙarshen shekarun 1980. SolidWorks ta biyo baya a 1995, kamfanin Dassault Systèmes na Faransa ya saye ta a 1997.

Babbar matsalar ita ce kowane mataki yana dogara da wanda ya gabace shi. In aka goge gefen da aka jingina rami da shi, ramin da duk abin da aka ɗora a kansa sai su rushe. Wanda ya gaji zanen wani kuma dole ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa komai. Zanen da aka aiko a tsarin STEP kuwa yakan zo da siffa kawai, babu tarihi.

Wannan ya shafi Kumasi kai tsaye. A Suame Magazine, matattarar makanikai da maƙera, ciki har da 'yan zango, inda jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar yaɗa fasaha a 1980, sau da yawa daga tsohon ƙarfe ake kwaikwayon sabo, ana gwadawa ana gyara awo. Zanen da ke rushewa a kowane gyara asarar yini ce ga mai zane da mai mota.

Akwai wata hanyar, ta gyara siffa kai tsaye ba tare da tarihi ba, wadda manhajar SpaceClaim, da ta fito kasuwa a 2007, ta ƙara yaɗawa. Siemens ya haɗa hanyoyin biyu a 2008. FreeCAD, wadda kyauta ce, ta rage rushewar zane a fitowarta ta Nuwamba 2024.

Ƙwararru kan shawarci mai koyo ya sa wa kowane mataki suna, ya jingina awo da ginshiƙan zane marasa motsi, ya bar kashe kaifin baki sai ƙarshe.