Daga kunnen bakanike zuwa sikana: tarihin binciken cutar mota

Jama'a, kafin a saka wa mota ƙwaƙwalwa, kunnen bakanike shi ne na'urar bincike. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma 504 ta zama motar gari da ƙauye. Kafireta take amfani da ita, da kwantak da fulogi. Idan ta yi tari, maigidan gareji zai saurari inji, ya ciro fulogi ya duba launinsa, ya faɗa maka inda cutar take.

A lokacin da Kaduna ke haɗa 504, Turai da Amurka suna fama da dokokin rage hayaƙi. A 1976 kamfanin Bosch ya fito da sensar da ke auna iskar oksijin a cikin salansa, Volvo ta fara saka ta a motocinta. Sensar tana aika wa ƙwaƙwalwar mota saƙo, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage. A hankali injekta ta ture kafireta, sensoci suka yawaita: ta zafin ruwa, ta iskar da ke shiga inji, ta juyawar karanshaf.

Da farko kowane kamfani da nasa soket da nasa yaren, har Amurka ta wajabta tsari ɗaya, OBD-II, a kan motocin 1996 zuwa sama. Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur. Shi ne soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari. Da motocin Beljiyam suka riƙa shigowa ta Kwatano, da soket ɗinsu suka iso garejojin Funtuwa da Malumfashi. Yau da ɗan ƙaramin ELM327 mai Bluetooth da manhajar Torque, wayarka ma za ta karanto lambar matsala.

To amma fa lamba ba hukunci ba ce. Layin da ƙwaƙwalwa ta ga ba daidai ba kawai take nunawa. P0135 tana nufin hitar sensar oksijin ba ta aiki, kuma fis ɗin da ya ƙone ko wayar da ɓera ya ci duk suna kawo ta. P0335 ta layin sensar karanshaf ce, sau da yawa soket ne ya saki ko mai ya jiƙa shi. P0128 kan fito idan an cire tamostat, P0420 kuma idan an fasa salansa an kwashe abin nan da ake kira indomi. A irin waɗannan, ko ka je Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo sabuwar sensa, wutar cek za ta sake kamawa, kuɗinka sun tafi. Mu masu gyaran waya mun san wannan: waya ta daina caji, ba lallai IC ba ne, wani lokaci datti ne a bakin caji.

Saboda haka a fara da batir. Mita ta nuna kusan 12.6 idan mota a kashe take, 13.5 zuwa 14.5 idan tana aiki. Batir mai rauni ko wayar as mai tsatsa na iya haifar da lambobi barkatai. Sai fis, sai soket, sai waya, sensa ta zo ƙarshe. Kuma a rubuta lambar kafin a goge ta.

Direban da ya ɗauko kwandunan tumatir daga Danja ya san kwana ɗaya a bakin titi asara ce. Don haka kada a liƙe wutar cek da salatif. Sikana ta zo ta taimaki bakanike ne, har yanzu kunnensa da mitarsa su ke tabbatar da abin da ta faɗa. Allah ya tsare hanya.